Dokta East na Zariya da Doguwar Hanyar Littafin Hausa Zuwa Kasuwa

A ƙarshen shekarar 1933 wani Baturen ilimi ya yi ta zaga manyan garuruwan Arewacin Nijeriya, yana tara malaman makarantu da ma'aikatan En'e, yana neman wani abu a wurinsu wanda ba a taɓa neman sa ba. So yake kowa ya zauna ya ƙago labari daga kansa, mai tsawon kalma kamar dubu ashirin, ya rubuta da Hausar boko, a buga, a sayar. Sunan Baturen Rupert Moultrie East, amma a Zariya Dokta East ake ce masa. An haife shi a 1898, ya yi karatu a Jami'ar Oxford, ya zo Nijeriya a shekarun 1920 yana ma'aikacin ilimi na gwamnatin mulkin mallaka. Bai fara da Hausawa ba. A ƙasar Tibi ya soma zama har harshensu ya zauna masa a baki, shi ne ma ya juya tarihin da Akiga Sai ya rubuta da Tibanci zuwa Turanci, aka buga a 1939. Amma aikin da ya cinye ƙuruciyarsa da ƙarfinsa, kusan shekara ashirin, shi ne littafin Hausa: yadda za a samu mai rubuta shi, da inda za a buga shi, da kuma wanda zai zaro kuɗi daga aljihu ya saya. Na farko da na biyu ya ci nasararsu. Na ukun ne ya ba shi wuya har ya bar ƙasar, kuma a kansa nake son in daɗe.

A ƙasar da East ya fito, sayen littafi ya riga ya zama ruwan dare. Tun 1848 kamfanin W. H. Smith ya kafa teburin littattafai da jaridu a tashar jirgin ƙasa ta Euston a Landan, matafiyi ya saya ya shiga jirgi. A 1935 kamfanin Penguin ya fara fitar da littattafai masu bangon takarda a kan sisi, kuɗin da lebura ma zai iya cirewa. Ingilishi da dama sun yi ƙaura sun yi arziki da wannan sana'a a ƙasashen nesa. Akwai Edward William Cole, wanda ya sauka Ostareliya a 1852, ya fara tallan tsofaffin littattafai a kan baro a kasuwar Melbourne a 1865, har a 1883 ya buɗe katafaren kantin da ya zama abin zuwa kallo a birnin. Sai dai Cole ya tarar da masu karatu suna jira, nasa kawai ya kai musu kaya. East kuwa ya tarar da ƙasar da ta san littafi tun kafin kakanninsa su ji sunanta, amma ba irin littafin da ya zo da shi ba.

Littafi a ƙasar Hausa da Barno abu ne mai daraja, kuma yana da kasuwarsa. Marubuci zai zauna a zaure ko a tsangaya, ya fere alƙalamin kara, ya dama tawada da ƙaro, ya ɗora takardar da fatake suka kawo daga Tarabulus a kan cinyarsa, ya yi wata da watanni yana kwafar Alƙur'ani ko Risala ko Ishiriniya. Baƙar tawada ta ɗauki baƙaƙe, ja ta ɗauki wasula, rawaya ta yi ado. In ya gama ba a ɗinke warƙoƙin, sai a jera su cikin tadarishi, a ɗaure da tsirkiya, a zura a gafaka. Alƙur'anin da aka rubuta a Barno har ƙetaren Sahara ake kai shi a sayar da tsada. A Kasuwar Kurmi ta Kano akwai masu sayar da takarda da littattafan Larabci tun da daɗewa. Wanda ya sayi irin wannan littafi ya sayi abin da zai bar wa 'ya'yansa gado, kuma ya san dalilin sayensa: ilimin addini ne, lada ce. Tatsuniya da labarin ban dariya kuwa na baka ne, na dare ne, na tsofaffin mata da yara, ba a ɓata musu takarda.

Boko ya shigo ta wata ƙofa daban. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya tsara ƙa'idar rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa. Kwalejin Katsina ta biyo baya, aka yi bikin buɗe ta a 1922, ta fara yaye malamai. Sai aka wayi gari yaro ya iya haɗa baƙi, ya fita daga elementare, ba shi da abin karantawa sai littafin ajin da ya riga ya haddace. Wanda bai samu abin karantawa ba kuwa, bayan 'yan shekaru karatun zai zube. Don toshe wannan kafa aka kafa Hukumar Fassara a 1929, daga baya ta zauna a Zariya, East ya karɓi ragamarta. Sun fassara tarihin garuruwa daga Larabci, suka fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu cikin littafi biyu. A 1933 aka sauya mata suna ta koma Hukumar Talifi, domin East ya gane fassara kaɗai ba za ta sa mutum ya kwana yana karatu da fitilar aci-bal-bal ba. Sai an ba shi labarin da ya fito daga cikin gidansu.

Malaman da ya tara ba su karɓi maganar da hannu biyu ba. East da kansa ya rubuta daga baya cewa abin da ya fi ba shi wuya shi ne shawo kan mutum mai mutunci ya yarda cewa rubuta abin da bai faru ba ba zubar da girma ba ne. Ni ban ga laifinsu ba. Mutumin da aka rene shi a kan cewa alƙalami amana ne, ba ka ce masa rana ɗaya ya zauna ya shirya ƙarya ya sa sunansa a kai. Duk da haka samari suka amsa, kuma abin da ya fito daga gasar da ya shirya musu har yau shi ne harsashin ƙagaggen labarin Hausa. Abubakar Imam, malamin Midil ta Katsina mai shekara ashirin da biyu, ya aiko da Ruwan Bagaja. Wansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a lokacin malamin makaranta ne a Bauci, ya kawo Shaihu Umar. Muhammadu Gwarzo ya yi Idon Matambayi. Na biyar, Jiki Magayi, East ne ya haɗa hannu da John Tafida na Wusasa suka rubuta.

Daga cikinsu idon East ya tsaya a kan Imam. A 1936 ya nemi a ba shi aron sa daga Katsina, ya zo Zariya ya zauna wajen wata shida, aka tara masa littattafan labarun Larabawa da Indiyawa da Turawa, yana karantawa yana narkar da su yana sake ƙera su a maƙerar Hausa, East yana bi yana dubawa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, na farkon ya bayyana a 1937. Wanda duk ya karanta ya san ba a jin ƙamshin baƙunta a jikin labarun nan. Aku ya zama waziri a fadar da kowane Bahaushe zai iya nuna ƙofarta. A waɗannan shekaru ne kuma baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suka samu gindin zama a bugu, suka maye gurbin ɗige-ɗige da alamomin da aka yi ta gwadawa a baya. Ofishin East ne ya tsaya a kansu har ido ya saba.

To, an rubuta, an buga. Ina za a sayar?

Hukumar Talifi ba ta da injin kanta, ba ta da kanti ko ɗaya. Kantunan littattafan da ke akwai na mishan ne. Na CMS ya buɗe a Legas tun 1869, shi ne ma ya fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, kuma 'yan mishan na SIM suna da nasu a Jos da wasu garuruwa. A garuruwan Musulmi irin waɗannan kantuna ba sa shiga cikin ganuwa, suna can wajen Sabon Gari ko unguwar Turawa, kuma dattijon birni ba zai so a gan shi yana fitowa daga inda ake sayar da Linjila ba, ko da Ganɗoki ya je saye. Sauran hanya ɗaya ce, ta hukuma. A ɗaure littattafai a saka a jirgin ƙasa, a sauke a ofishin En'e, a kai sito, malamin sito ya rubuta a rajista, makarantu su ɗiba. Wannan rabo ne, ba ciniki ba. Malamin sito albashinsa na nan ko an saya ko ba a saya ba, ba zai ɗauki littafi ya bi kasuwa yana yabon sa ba, ba zai ba da bashi ba, ba zai rage kwabo don mai saye ya dawo gobe ba. Ɗan kasuwa kuwa, wanda ya iya duk waɗannan, ya duba ya ga ribar ba ta taka kara ta karya ba, masu karatun boko 'yan ƙalilan ne, kuma kaya ne da zai iya shekara a rumfa gara na ci. Ya gwammace ya sari goro.

Jarida ce ta fara fasa wannan katanga. A ƙarshen shekarun 1930 jita-jita ta cika gari cewa Ingilishi za su miƙa Nijeriya ga Jamus don su lallashi Hitila. Gwamnati ta ga tana bukatar bakin da zai yi magana da talaka kai tsaye, East kuma ya daɗe yana neman wannan dama. A watan Janairu 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Abubakar Imam ne edita, kuɗinta kwabo ɗaya kamar yadda sunan ya faɗa. Watanni kaɗan bayan haka yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, aka kwashi samarin Arewa soja, wasu Habasha, wasu har Bama. Uwar da ɗanta ke bakin daga tana son labari, ko ta iya karatu ko ba ta iya ba. Mutum ɗaya zai saya, a zauna a dandali ko ƙofar gidan mai unguwa, ɗan makaranta ya karanta da ƙarfi, mutum ashirin su saurara, gobe a aika da ita ƙauye na gaba har ta yage. Mutane suka fara aiko da wasiƙu ana bugawa, mutum ya ga sunansa da na garinsu a takarda. A nan ne Bahaushe ya fara sabawa da cewa abin da aka buga da boko kaya ne da ake saye a kai a kai, kamar sabulu da kananzir. Darajar jaridar ta kai ga a 1943 Imam yana cikin 'yan jaridun Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe.

Da wannan ƙarfi East ya matsa wa gwamnati har aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, da kuɗin raya ƙasashen mulkin mallaka, shi ne shugabansa na farko. Aka zaɓi fili a Tukur-Tukur, gefen Zariya, aka gina ɗakin injuna, da ofisoshin editoci, da sito, da gidajen ma'aikata. Tunaninsa shi ne komai ya taru a wuri guda: a rubuta a nan, a gyara a nan, a jera baƙaƙen dalma a nan, a buga, a ɗinke, a ɗaure, a loda a mota. Aikin bugu na kuɗi, irin su fom da rasit da rajistar hukuma, shi zai riƙa ɗaukar nauyin littattafan da ba sa mayar da kuɗinsu da wuri. A 1948 kamfanin ya ƙara da jaridar Turanci, Nigerian Citizen. Samari da yawa a nan suka koyi jera baƙi da gyaran kuskure da ɗinkin littafi, sana'o'in da daga baya suka bazu Kaduna da Kano. East da Imam kuma suka haɗu suka rubuta Ikon Allah, don bayyana wa mai karatu halittu da yadda duniya ke tafiya cikin Hausar da ba ta sarƙe harshe.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. East ma'aikacin mulkin mallaka ne, kuma gidan da ya gina ya ɗauko fasalin mulkin: manyan kujeru da babban albashi na Turawa, 'yan ƙasa da ke yin ainihin rubutun suna ƙasa. Jaridar ta gwamnati ce, akwai iyakar da ba ta tsallakewa. Fifita boko da hukuma ta yi ya tura ajami gefe, alhali a lokacin waɗanda suka iya ajami sun ninka 'yan boko nesa ba kusa ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ya ƙuntata kasuwar tun farko. An bar babban taron masu karatu a tsaye, aka tafi neman ƙaramin. Amma wanda ya duba shafukan da suka fita daga hannunsa zai ga mutum ne da ya ɗauki Hausa da muhimmanci. Bai yarda a rubuta Hausar da ke bin sawun Turanci ba, ya fi son marubuci ya rubuta yadda zai faɗa da baki. Wannan horo ya zauna a jikin rubutun Hausa har yau. A farkon shekarun 1950 ya ajiye aiki ya koma Ingila, ya rasu a 1975.

Waɗanda suka gaje shi sun san inda gizo ke saƙa. Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, azuzuwan manya suka bazu ƙauyuka, aka kafa hukumar NORLA wajen 1954 don ta samar musu abin karantawa, wani Baturen, Neil Skinner, yana cikin jagororinta. NORLA ta sa rabon kaya a gaba. Ta sa littattafai a motoci suna bin kasuwannin ƙauye, ta nemi dillalai, ta fitar da ƙananan littattafai masu araha a kan noma da kiwon lafiya da waƙoƙi. Kusan kowane lardi ta yi masa 'yar jaridarsa: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya, Zumunta a Bauci, Albishir a Barno. Ta kuma yi abin da aka daɗe ba a yi ba, ta buga ajami da Larabci. Sabuwar dabarar bugu ta ba da damar a ɗauki hoton shafin da marubuci ya rubuta da hannunsa a buga dubbai, almajiri ya samu Ahalari ko Ishmawi da irin rubutun da idonsa ya saba da shi a allo, a kan kuɗi kaɗan. Irin wannan kaya bai taɓa kwantai ba. Amma mota tana shan mai, direba yana cin albashi, kuɗin da ke shigowa bai kai wanda ke fita ba, a 1959 aka rufe NORLA. Sai a 1966 aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a Zariya da haɗin gwiwar Macmillan ta Ingila, ya gaji tsofaffin littattafan, ya ci gaba da buga su, mafi yawa don makarantu da masu jarrabawa.

Duk wannan a Nijeriya aka yi. A namu gefen iyaka, wato Nijar, labarin daban ne. Faransawa sun shiga Damagaram a 1899, Zinder ta riƙe babban birnin ƙasar har 1926, kuma a lakwal ɗinsu Faransanci kaɗai ake yi. Yaron da aka kama yana Hausa ko Barbarci a farfajiyar makaranta hukunci yake sha. Ba a yi wata hukumar talifi ba, ba a yi gasa ba, ba wanda ya zaga yana roƙon malamai su rubuta labari da harshen uwa. Sai bayan samun 'yancin kai a 1960 aka fara karatun manya da harsunan ƙasa, taron Bamako na 1966 ya duba daidaita rubutunsu, a 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Zinder.

Amma littafin Zariya bai jira izinin kowa ba kafin ya ƙetaro. Mu ɗauki Gure misali, gari ne na Muniyo, tsakanin duwatsu da tuddan rairayi, a kan hanyar Zinder zuwa Diffa, inda Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye ke haɗuwa a kasuwa ɗaya, Hausa ce kuma harshen ciniki. Tun zamanin da matafiyi Heinrich Barth ya sauka garin a ƙarshen 1852 ya tarar da Muniyoma Koso a kan gado, fuskar kasuwancin yankin kudu take kallo. Kanwa da gishirin Manga da dabbobi suna gangarawa, hatsi da tufafi da goro suna hawowa. Da layin dogo ya iso Nguru a 1930, Kano ta matso kusa ƙwarai. Ga kuma almajirai da ke tafiya gabas neman karatu, da 'yan ci-rani da ke sauka Kano da rani su dawo da damina ta kusa. A cikin kayan waɗannan mutane littafi ya shigo, tsakanin turmin atamfa da kwalin ashana. Wanda ya koyi baƙaƙen Turawa a lakwal, da ya buɗe Ruwan Bagaja sai ya tarar zai iya karantawa, ɗan tuntuɓe kaɗan a kan baƙaƙe masu lanƙwasa da yadda ake rubuta wasu sautuka, daga nan sai ya ji harshensu na fita daga takarda.

Har yau in ka shiga kasuwar Gure za ka samu mai littattafai a inuwar rumfa, ya shimfiɗa buhu ko tabarma, ya danne kayan da duwatsu saboda iska. A sama, wuri mafi tsabta, Alƙur'ani ne da izu-izu, sai Ƙawa'idi da Ahalari da Iziyya, bugun Kano masu takarda ruwan ƙasa. A gefe carbi da turare da hula da allo. Can ƙasa kusa da ƙafarsa littattafan hira, masu hoto a bango, rana ta kodar da na saman. Ba shi da rajista, amma ya san wane malami ke jiran wane littafi, ya san canjin naira da sefa na ranar, ya san lokacin da makarantun allo ke cika da lokacin da suke watsewa. Na ga wata yarinya ta tsuguna gabansa ta ɗaga wani littafi.

"Baba, na biyun wannan bai zo ba?"

"Bai zo ba, 'yata. Mota na tashi Kano jibi, na sa a taho da shi. Ki gaya wa innarki in ya iso zan ajiye mata, kada ta damu da kuɗin sai ta samu."

Wannan ɗan zance ya ƙunshi abubuwan da siton En'e da motar NORLA suka kasa: ya san mai karatun, ya san gidansu, ya ba da bashi, kuma an riga an ɗaure mai saye da labarin da aka yanke a tsakiya.

Dabarar yanke labari kashi-kashi daga Kano ta zo. A shekarun 1980 tattalin arzikin Nijeriya ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin bugu suka janye daga ƙagaggun labarai suka koma littattafan makaranta. A daidai lokacin kuma yaran da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya kwasa makaranta sun girma, cikinsu har da 'yan mata masu ɗimbin yawa da aka aurar suna zaune a gida, sun iya karatun Hausa. Marubuta suka daina jiran kamfani. Mutum ya rubuta, ya tara kuɗinsa ko ya ci bashi, ya kai wa mai ƙaramin inji a Fagge ko Sabon Gari, ya ɗauko kayansa ya kai wa 'yan kasuwa da kansa. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta yi Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo da nata. Malaman jami'a sun yi ta muhawara a jaridu a kan ingancinsu, har aka laƙaba musu adabin kasuwar Kano, wasu malaman addini kuma suka yi wa'azi a kansu. Kasuwa ba ta tsaya sauraro ba. Dillali a Kano ya karɓa, ya raba wa masu sari, direbobi su ɗauka zuwa Maraɗi da Zinder da Agadas, daga Zinder a rarraba zuwa Mirriya da Gidimuni da Gure. Wadda ba ta da kuɗin saye ta karɓi haya ta kwana biyu, yaro ya kai mata har ɗaki ya dawo da shi. Littafi ɗaya sai ya zaga gida goma kafin bangonsa ya rabu da shi.

Waɗannan marubuta da yawansu a kan Magana Jari Ce suka koyi yadda ake jan labari a takarda, da ƙa'idar rubutun da aka daidaita a ofishin East suke rubutu, kuma irin masu karatun da ya yi ta nema ne suka samu, shekara hamsin bayan zagayensa. Abin da suka ƙara shi ne sun miƙa littafin ga mutanen da suka gaji fatauci kaka da kakanni, suka bar su su yi abin da suka iya.

Yanzu kasuwar ta sake juyawa. Fim ɗin Hausa ya janye wasu marubutan tun ƙarshen shekarun 1990, sannan waya ta zo. Marubuciya tana sakin labarinta shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, mai so ya tura kuɗi ta waya a sa shi cikin rukuni, wasu kuma sauraro suke yi a YouTube ko a gidajen rediyo inda ake karanta littafi da murya. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian na Kaduna, ta daina fitowa da kamfanin ya durƙushe. Masu tabarma a Gure sun rage sarin littattafan hira saboda ba sa tafiya kamar da, littattafan addini ne ke riƙe da su. Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Magana Jari Ce kuwa ana ci gaba da buga su saboda makarantu da jami'o'in da ke koyar da Hausa a ƙasashen biyu, kuma mushen da ke son su a ajinsa a Gure, har gobe sai ya ba direban Kano saƙo.